Yadda Ake Shirya Wasannin da Za Su Riƙe Masu Aikin Sa-kai Wajen Kwafe Takardun Busassun Tsirrai

A ma'ajiyar busassun tsirrai, kowane reshe da aka danne ya bushe aka liƙa a kwali yana da 'yar takarda a gefen ƙasa. Ita ke faɗin wanda ya tsinko shi, da ranar, da wurin, da irin ƙasar da ya fito a kai, wani lokaci har da sunan da mutanen garin suke kiransa. Ma'ajiyar Kew da ke Ingila tana da irin waɗannan kwalaye kusan miliyan 7, ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan tana da sama da 100,000, Jami'ar Legas da ke Akoka ita ma tana da tata. Muddin rubutun nan bai shiga kwamfuta ba, mai bincike ba zai iya tambayar inda aka taɓa samun kaɗanya a shekarun 1930 ya sami amsa nan take ba. Na'ura tana iya karanta bugun tafireta, amma rubutun hannun tsohon ma'aikacin gandu yakan ba ta wuya, shi ya sa ake neman masu aikin sa-kai.

Aikin yana da gajiyar ido. Bayan minti 40 za ka ga an soma hamma, an jawo waya. Wasa shi ne maganin wannan, sai dai wasan da aka tsara shi don mai sauri ya ci ɓarna yake yi, domin mutum zai riƙa cike gurabe da ƙiyasi. Duk wasannin da ke ƙasa an gina su ne don ladan ya tafi ga mai lura da mai kwafa daidai.

Kayan da za ka tanada

Lissafin nan na mutum 12 zuwa 20 ne, a zaman awa uku.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ga kowane mutum biyu. Waya tana yi idan babu yadda za a yi, amma ƙara girman hoto da cike gurabe a ƙaramin gilashi yana jawo kurakurai. Idan waya ce kawai ke akwai, a haɗa biyu: ɗaya ta nuna hoton, ɗaya a rubuta a kanta.

Intanet ta hanyoyi biyu, layuka daban-daban, domin hotunan suna da nauyi kuma layi ɗaya yakan yanke. Soket mai baki da yawa guda uku. Janareta ko inbata, a kuma gaya wa kowa ya zo da cajinsa cike. Majigi ko babbar talabijin guda ɗaya.

Na wasa: katin dara da aka buga wa kowace ƙungiya, wake ko ƙwallon dabino cike da gwangwani, igiya mai tsawon mita 6, maƙalan shanya 100, ƙananan takardu da aka yayyanka, taswirar Nijeriya mai jihohi 36 da aka liƙa a kwali mai kauri, fil mai kai kala-kala, alƙalamin maka, da salatif. Idan ka sami kwafin taswirar tsofaffin lardunan zamanin mulkin mallaka, ka rataye ta kusa da sabuwar. Sai ruwan sha, da goro, da 'yan ƙananan kyaututtuka irin katin waya ko littafin rubutu.

Ka nemi mataimaki ɗaya ga kowane mutum shida. In da hali a sami ɗalibin kimiyyar tsirrai a cikinsu.

1. Zaɓi inda hotunan za su fito

Akwai shafukan da aka gina domin wannan aiki. Notes from Nature yana ƙarƙashin Zooniverse, babban shafin ayyukan kimiyya na 'yan sa-kai, ya soma a 2013, kuma yakan ba mutum uku takarda ɗaya sannan a gwada amsoshinsu. DigiVol na gidan tarihin Ostareliya ne, a can mutum ɗaya ke kwafa, wani gogagge ya bi baya ya duba. DoeDat na lambun tsirrai na Meise ne a Beljiyam, wanda ke da tarin tsirran Kwango masu yawa, Les Herbonautes kuma na gidan tarihin halittu na Faris ne, da Faransanci yake aiki. Idan a cikin jama'arka akwai 'yan Nijar da suka yi boko, waɗannan biyun na ƙarshe nasu ne.

Ayyukan da ke kan shafukan suna ƙarewa a sa sababbi, saboda haka ka duba mako guda kafin ranar, ka sake dubawa daren jajibiri. Ka fifita tarin Afirka ta Yamma idan ka samu. Idan babu, ka rubuta wa mai kula da wata ma'ajiya ta nan gida ka nemi izinin hotunan kwalaye 100 zuwa 200, ku kwafe su cikin jadawalin Excel, ku mayar masa. Kada ka ɗauki hoton kayan ma'ajiya ka raba ba da izini ba.

Gargaɗi ga mai amfani da Excel: kafin a rubuta komai, ka mayar da dukkan gurabe su zama na rubutu zalla. In ba haka ba, mutum zai buga 3-4 manhajar ta mayar da shi kwanan wata, za ta share sifirin da ke gaban lamba, kuma ba ta ɗaukar shekarun da suka gabaci 1900 a matsayin kwanan wata.

2. Kwafe takardu 30 da kanka kafin ka gayyaci kowa

Wannan matakin ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin wasan. Ka zauna ka kwafe 30 daga cikin tarin da ka zaɓa, kana rubuta a gefe abin da ke yawan maimaituwa: sunayen masu tsinkowa, larduna, kalmomin wuri irin su bakin kogi ko gona ko dutse, launin fure, da gajerun kalmomi. Daga wannan jerin za ka cike katin dara. Kati da aka cike da zato yakan ƙunshi abubuwan da ba za su taɓa fitowa ba, sai a yi awa guda babu wanda ya ci.

A nan kuma za ka fitar da takardar gajerun kalmomi, shafi ɗaya, a buga wa kowane tebur. Leg. ko coll. na nufin wanda ya tsinko. Det. shi ne wanda ya tantance sunan tsiron, sau da yawa shekaru bayan tsinkowa. S.n. babu lamba ke nan. Alt. tsayin wuri daga teku, ft. ƙafa, F.R. gandun dajin gwamnati, Prov. lardi, fl. fure, fr. 'ya'ya. Wata kuma sau da yawa da lambar Romawa ake rubuta shi, 12.iv.1953 na nufin 12 ga Afrilu, 1953.

Daga cikin 30 ɗin ka ware 10, kai da mataimakinka ku tantance amsoshinsu gurbi-gurbi, ku buga hotunansu a takarda. Za a buƙace su a mataki na 8.

3. Tsayar da rana da wuri

Idan a Legas kake, tafiya ce ke cin zama. Ka kai aikin inda mutanen suke: ajin Islamiyya a Agege, ɗakin taron ƙungiya a Idi-Araba ko Obalende, ko wani ofis kusa da Mile 12 ko Alaba Rago. Asabar ko Lahadi sun fi, a fara ƙarfe 10 na safe a tashi kafin Azahar, ko a fara bayan Azahar a yi hutun La'asar a tsakiya. Watannin Yuni da Yuli ruwa yakan hana mutane fitowa. Akwai taron duniya na wannan aiki mai suna WeDigBio, wanda aka fara a watan Oktoban 2015, yana ɗaukar kwana huɗu daga Alhamis zuwa Lahadi. Haɗa zamanka da shi yana ƙara wa mutane kuzari, don sun san a lokacin nan ana yin irin aikinsu a wasu ƙasashe.

Buɗe asusu yana cin lokaci. Ka tura wa mutane bayani ta WhatsApp kwana biyu kafin ranar su buɗe da imel ɗinsu, su riƙe kalmar sirrinsu.

4. Haɗa mutane bibbiyu

Kada ka bar kowa ya zauna da abokinsa. Ka haɗa mai saurin bugu da mai sanin daji. Dattijon da ya yi kiwo a ƙasar Katsina kafin ya dawo fataucin raguna, ko Hajiyar da ta san saiwoyi da sassaƙe, ba lallai su taɓa kwamfuta ba. Yaron ya buɗe hoton, ya ƙara girma, ya ce: "Baba, an rubuta Hausa, sai k-a-l-g-o." Dattijon ya duƙa ya dubi ganyen nan mai tsaga biyu kamar kofaton raƙumi ya ce: "Kalgo ne, ɗana, ga ganyensa nan." Irin wannan tabbacin ne mai aikin sa-kai na wata ƙasa ba zai iya bayarwa ba, kuma shi ne dalilin da ya sa Bahaushe ke da rawar takawa a wannan aiki. Turawan da suka yi tsince-tsince a Arewa sun dogara ƙwarai da sunayen Hausa. Likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma.

5. Koyar da ƙa'ida ɗaya kafin a fara, cikin minti 15

Ka haska takarda ɗaya a majigi ku kwafe ta tare. A ce tana ɗauke da wannan: Zaria Prov., 3 miles S. of town, edge of fadama. Tree 30 ft., fls. red. Hausa: dorowa. 12.ii.1948. Za ka ga hannuwa suna ƙaiƙayin gyara dorowa ta koma ɗorawa, a mayar da lardin Zariya jihar Kaduna, a juya ƙafa 30 ta zama mita 9. Duka ba a yi. Abin da ido ya gani shi ake bugawa, harafi da harafi, ko da kuskure ne. Gyara da ƙarin bayani gurbinsu daban, wato gurbin sharhi. Haka ma sunan kimiyya: idan takarda ta ce Butyrospermum parkii, shi za a rubuta, ko da ɗalibi ya san yanzu ana kiran kaɗanya Vitellaria paradoxa. Gawo ma a tsofaffin takardu Acacia albida ne, a sababbi Faidherbia albida.

Sai ka nuna musu ramukan da ake faɗawa. Lambar mai tsinkowa daban take da lambar ma'ajiya, wadda ke zuwa da hatimi ko da zane-zane irin na kayan kanti. Ranar da ke kan ƙaramar takardar det. ba ita ce ranar tsinkowa ba. Rubutun Turawan Turai na 1 yakan yi kama da 7, shi ya sa suke gitta wa 7 layi. Haruffan u da n suna rikiɗa a rubutun hannu. Kwanan wata 3/4/1950 a hannun Ba'ingile 3 ga Afrilu ne, a hannun Ba'amurke 4 ga Maris. Shekara mai lamba biyu, kamar 58, tana iya zama 1958 ko 1858, domin Charles Barter ya yi tsince-tsince a ƙasar Nufe daga 1857 har rasuwarsa a 1859. Abin da bai karantu ba a bi umarnin shafin wajen yi masa alama, kada a ƙirƙira.

6. Darar takardu

Wannan shi ne babban wasan, ana yin sa yayin da ake aiki. Turawa suna yin irinsa da sunan Bingo, amma tsarin dara ya fi zama wa mutanenmu, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ka zana gidaje 30, biyar a tsaye shida a kwance. A kowane gida ka rubuta abu ɗaya da ake iya gani a takarda. Gidaje 10 su zama na abin da ke fitowa kullum, irin su farin fure, bakin hanya, ko wata da lambar Romawa. Gidaje 15 na matsakaici: kalmar fadama ko kurmi, sunan Hausa, sunan Yarabanci, tsayin wuri da ƙafa, gandun daji, takardun det. biyu a kwali ɗaya, ambaton magani ko abincin dabbobi. Sauran 5 na abin da ba kasafai ake gani ba: shekara kafin 1900, zanen hannu, sunan ƙasar da aka sauya wa suna irin Gold Coast ko Dahomey. Kowace ƙungiya ta sami kati mai jeri daban, in ba haka ba duk za su ci lokaci guda.

Dokokin huɗu ne, a rubuta su a allo. Ba a ɗora wake a gida sai an gama kwafe takardar gaba ɗaya an tura ta. Takarda ɗaya gida ɗaya take ci, ko da ta dace da gidaje huɗu, ƙungiya ce za ta zaɓi wanda ya fi mata amfani. A kowane gida da aka ci a rubuta lambar kwalin da fensir. Ba a tsallake hoto don farautar gida. Wannan dokar ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci, domin da zarar mutane sun gane cewa sabunta shafi yana kawo sabon hoto, za su riƙa zubar da takardu masu wuya suna neman masu sauƙi, alhali masu wuyar ne aka tara su dominsu. Mataimaka su sa ido a kan wannan.

Ci shi ne gida uku a jere, a tsaye ko a kwance, ban da karkace, kamar yadda ake yi a dara. Ƙungiyar da ta jera uku ta ɗaga hannu, mataimaki ya zo ya duba, sannan ɗaya daga cikinsu ya tashi ya karanta wa jama'a abin da suka samu a takardun. Wannan karatun na minti ɗaya shi ke farkar da ɗaki, kada a yanke shi. Ka lissafa sabon shiga zai ɗauki minti 5 zuwa 10 a kan takarda ɗaya, saboda haka ci na farko zai zo wajen rabin awa. Idan an wuce minti 45 shiru, katin ya yi tsauri, sai ka ba kowa gida ɗaya kyauta ya ɗora inda yake so. Idan kuwa an ci cikin minti 10, ka ce daga yanzu sai an jera uku sau biyu.

Wake yana gangarawa idan an girgiza tebur ko fanka tana kaɗawa. Lambar da aka rubuta da fensir ita ce shaida.

7. Igiya da taswira

Waɗannan biyun na kowa da kowa ne, babu mai ci shi kaɗai, kuma amfaninsu shi ne su tayar da mutum daga kujera.

Igiyar ka ɗaure ta a bango, ka raba ta shekara goma-goma daga 1850 zuwa yau. Duk wanda ya gama takarda ya rubuta shekarar da sunan tsiron a 'yar takarda ya maƙala a gurbinta. A ƙarshen zama a yaba wa mai mafi tsufa.

Taswira ta fi buƙatar kulawa, domin sunayen wurare sun motsa. Lardin Sakkwato na da ya haɗa da Kebbi da Zamfara na yau, lardin Kano ya haɗa da Jigawa, na Bauchi da Gombe, na Borno da Yobe. Takardun tsakanin 1976 da 1991 za su ce Gongola, wadda ta rabu ta zama Adamawa da Taraba, ko Bendel, wadda ta zama Edo da Delta. Inda aka rubuta Bauchi Plateau, tsaunukan Jos ake nufi. Colony ita ce Legas da kewayenta, kuma za a ci karo da Ebute Metta sau da yawa domin an kafa lambun gwajin tsirrai a can a 1887. Wasu takardun kafin 1961 suna cewa Nijeriya alhali wurin yanzu yana Kamaru, kamar Victoria, wadda ake kira Limbe.

Ga yadda ake wasan. Jan fil na wurin da aka tabbatar, farin fil na wurin da ake shakka. Sabon Gida, Tudun Wada da Sabon Gari suna da yawa a Arewa, don haka duk takardar da ta faɗi irin wannan suna ba tare da lardi ba farin fil za ta samu. Wanda ya kawo hujjar da ta mayar da fari ja, misali ya nuna cewa mai tsinkowar ya rubuta wani gari na kusa a takardar da lambarta ke bi mata, ƙungiyarsa ta sami maki biyu. "Garinmu ne, na sani" ba hujja ba ce sai an haɗa da wani abu da ke kan takardar. Kuma abin da aka gano a taswira gurbin sharhi yake shiga.

8. Kacici-kacici da gasar daidaito

Bayan awa ɗaya da rabi a dakata. Kowace ƙungiya ta kawo kalma ɗaya da ta gagare ta, a haska a majigi, kowa ya rubuta abin da yake gani a takarda a ɓoye, sannan a buɗe tare. Kada a bari a faɗa da baki tun farko, domin da babba ya furta kowa zai ga abin da ya faɗa. Dabarar warwarewa ita ce neman harafin a wata kalmar da aka riga aka gane a hannun mutumin nan. Idan mutum biyu cikin uku ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, kalmar ta tafi da alamar shakka.

Sai gasar daidaito, wadda a takarda ake yin ta domin a shafukan intanet ba kai ke zaɓar hoton da zai fito ba. Ka raba takardu 10 ɗin nan da ka tantance, kowace ƙungiya ta kwafe uku cikin minti 20. Gurbin da aka cike daidai maki ɗaya. Gurbin da aka yi wa alamar bai karantu ba, kuma da gaske yana da wuya, maki ɗaya shi ma. Gurbin da aka cike da ƙiyasi ya fita kuskure, a cire biyu. Wanda ya riga gamawa ba ya samun komai a kan saurinsa. Ka faɗi wannan lissafin tun kafin a fara, za ka ga yadda hannuwa ke lafawa.

Idan wuta ko intanet ta ɗauke gaba ɗaya, wannan matakin da dara za su iya ɗaukar zaman duka, muddin ka buga hotuna 40 na ajiya da fom na takarda. Daga baya mutum biyu su shigar da su kwamfuta.

9. Kyauta da rufewa

Kyautar ta zama ƙarama kuma ta kasu: ta dara, ta daidaito, ta takarda mafi tsufa, da ta wanda ya warware kacici-kacici. Kyauta mai tsoka guda ɗaya tana kawo gardama da maguɗi. Kada ka rataye jerin sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, domin wanda ya ga sunansa a ƙasa da wuya ya dawo, musamman dattijo a gaban yara. Abin da za a rubuta babba a allo shi ne jimillar takardun da ɗakin ya kwafe.

Kafin a watse ka tabbatar kowa ya tura takardar da ke hannunsa ya fita daga asusunsa, musamman a kwamfutar aro. Ka ɗauki hoton igiyar da taswirar. Sunayen Hausa da aka tsinta a tattara su a jadawali ɗaya mai gurbi huɗu: yadda aka rubuta a takarda, yadda ake rubutawa yau da ƙugiya, sunan kimiyyar da ke kan kwalin, da yankin da mai bayanin ya fito, domin sunan tsiro a Sakkwato yakan bambanta da na Kano ko Damagaram. Idan da wata ma'ajiya kuka yi aiki, a tura mata wannan jadawalin tare da babban fayil cikin mako guda. Katunan dara kuma a tattara su, ka duba gidajen da babu wanda ya ci, ka sauya su kafin zama na gaba, wanda ya kamata a sanar da ranarsa tun mutane ba su tashi ba.